Habibu Mai Agogo da Ƙashin da Aka Yi wa Likkafani

Ranar Alhamis, sha biyu ga Satumbar 2024, ana saura 'yan kwanaki Mauludi, Allah Ya karɓi abinSa. Malam Habibullah Siddiq, wanda duk Gumel ta sani da Habibu Mai Agogo, ya rasu da hantsi a gidansa, bayan ciwon suga ya daɗe yana cinsa a hankali. Na Allah muke, kuma komai daɗewarmu a nan wurinSa za mu koma. Ni lokacin ina kasuwar Maigatari, a kara, cikin taɓo da kukan shanu, wayata na ta ruri a aljihu ban ji ba. Kafin in iso an riga an kai ka, Habibu. Na tarar da mutane suna dawowa daga maƙabarta suna karkaɗe hannu.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne Sajo, Bafillacen Sule Tankarkar, malamin dabbobi da ya yi ritaya amma har yau masu shanu ba su bar shi ya huta ba. Shi kuwa Bamange ne, don haka tsakaninmu akwai wasan da muka gada. Ranar da na fara zuwa rumfarka da agogon mahaifina da ya tsaya, ka ɗago kai da gilashin nan naka maƙale a ido ɗaya, ka ce, "Bafillace da agogo? Shanun ne suka fara tambayar ƙarfe nawa?" Na ce maka bawa ba ya tambayar ubangidansa, aiki kawai yake yi. Tun daga ranar muke kiran juna bawana, har gemunmu ya yi fari ba a tantance wane ne bawan wani ba.

Na zauna in rubuta maka ta'aziyya irin wadda aka saba, in lissafa alherinka in yi addu'a in tashi. Sai na ga ba zan iya ba sai na ba ka labarin abin da ya faru da ƙashin nan naka bayan tafiyarka, domin har yanzu kaina bai gama ɗauka ba.

Amma bari in fara da alherin, don shi ne ya fi yawa. Babu masallacin da agogon bangonsa zai tsaya, daga Gumel har Gagarawa Tasha, ka ji labari ba ka hau kekenka ka je ba. Ka hau kujera ko turmi ka sauko da shi, ka gyara, ka mayar, ka tafi kafin ladan ya gama neman wanda zai kawo maka ruwa. Lokacin da matata Safiya ta kwanta a asibiti, ciwon da ba ta tashi ba, kullum kana tafe da kunu daga gidanka. Ba ka iya maganar lallashi ba, kai ma ka sani. Sai ka shimfiɗa hankici a kan benci, ka kwance wani tsohon agogo gaba ɗaya a gabana, ka sake haɗa shi, don kawai idona ya sami abin kallo. Na daɗe ban gane abin da kake yi mini ba ke nan.

Sannan kai ne mai wankan gawa na unguwarku. Duk namijin da ya rasu, kai ake fara aika wa. Kana da taushin hali a komai, amma ban da wannan. Idan dangi suka ce a jira wane yana hanya daga Kano, sai fuskarka ta canja, ka ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta kai shi makwancinsa, mai zuwa ya zo ya yi addu'a. Na sha ganin manyan mutane sun yi shiru a gabanka a kan wannan. Shi ya sa ban yi fushi da aka kai ka ban iso ba. Koyarwarka suka bi.

Da wayar hannu ta shigo, agogo ya mutu a hannun mutane, rumfarka ta zama wurin hira. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, sai dai ina ganin yatsunka suna motsi a kan gwiwarka kamar suna neman abin yi. Ana cikin haka Dakta Rahamatu, 'yar nan Gumel da ke koyar da ilimin duwatsu a wata jami'a, ta kawo maka agogon marigayi mahaifinta. Ta tsaya tana kallon yadda kake ɗaukar abin da ido da kyar yake gani da hantsaki, hannunka ko rawa ba ya yi. Ta ba ka labarin wasu ƙasusuwa da jami'arsu da abokan aikinsu na Nijar suka tono a hamada, na wata dabba da ta shuɗe tun kafin a yi mutum, mai kama da ƙaton ƙadangare, dainoso suke ce mata. Ta ce ƙasusuwan sun zama dutse, kuma dutse ya kama su, suna nan jibge a ɗakin ajiya cikin farin simintin nan da ake ɗaure karaya da shi a asibiti. Suna son su tsayar da dabbar a ɗan gidan tarihinsu don mutane su gani, amma babu mai haƙurin raba ƙashi da dutse, kuma aikin na sa kai ne, ba albashi. Kai kuwa ko tunani ba ka tsaya yi ba, ka ce yaushe za a fara.

A nan na fara kasa gane ka. Mutum da jikokinsa, ya hau mota ya tafi wani gari ya kwana biyu yana ƙwaƙular dutse da allura, ya dawo da ciwon wuya yana murna. Na ce maka, "Bawana, in ƙashi kake so, ka zo mahauta a Maigatari in sa a cika maka buhu." Ka yi dariya ka ce ai Bafillace duk abin da ba ya ba da nono bai san amfaninsa ba.

Da ƙafafunka suka fara kumbura tafiya ta gagara, Dakta ta sa aka kawo maka aikin gida a bayan a-kori-kura. Ƙashin cinya ne guda ɗaya, sai da ƙarti suka taru kafin a sauke shi a zaurenka. In an tsayar da shi zai kai mini ƙirji. Ta ce shi ne ya rage a haɗa ƙafar baya, in ba shi dabbar ba za ta tsaya ba. Tun daga nan duk wanda ya shigo zauren zai same ka a zaune kan tabarma, gilashi a ido, basilla a hannu ɗaya, ɗan buroshi a ɗayan. Ka ɗan taɓa dutsen, ƙwaya ta faɗo, ka share, ka hura. In ka ga tsaga sai ka ɗiga mata gam ka jira ta bushe. Wani yinin gaba ɗaya abin da za ka buɗe bai fi faɗin farce ba. Ka taɓa kama yatsana ka ɗora a wurin, ka ce in ji bambancin santsin ƙashi da kaushin dutse. Na ce na ji, amma wallahi a lokacin duk ɗaya na ji su.

Na tambaye ka ko ka yarda da shekarun da Dakta take faɗa, miliyoyin nan da ni ko a baki ba na iya riƙe su. Ka ce kai ba ka ƙirga ba, ba ka nan, amma ka ga inda jijiya ta kama ƙashin nan, ka ga inda ya taɓa karyewa ya warke, don haka wani abu ya yi tafiya da shi, ya ji ciwo, ya ɗingisa, ya warke. Ka ce, "Wanda Ya ajiye wannan bai ɓata ba, nawa da naka ne za su ɓace maSa?" Ban saba jin wa'azi daga bakin Bamange ba. Burinka ɗaya, ka ga dabbar a tsaye, a cika mota da 'yan makarantar Gumel a kai su su ɗaga kai su kalle ta.

Gari kuwa ya rabu. Wasu suka ce tsufa ne ya zo maka ta nan. Wasu suka ce ƙashin raƙumin zamanin da ne. Yayanka Alhaji Dogo, wanda ya riƙe ka tun rasuwar mahaifinku, shi nasa ya fi na kowa nauyi. Ya ce shi bai taɓa jin ƙadangaren da ya fi ɗaki tsawo ba, amma tun yana yaro yake jin malamai na cewa mutanen farko dogaye ne ƙwarai. Don haka wannan cinyar ɗan Adam ce, kuma ɗan Adam ƙasa ce suturarsa. Kuka yi ta yi, kai kana dariya, shi ba ya yi. Daga baya ya daina shiga ta zauren, sai ya zagaya ta ƙofar baya. Ni na ɗauka rigimar 'yan'uwa ce kawai, ban san abin yana cinsa haka ba.

Zuwana na ƙarshe, gero ya fara nuna, na same ka ka rame, basillar na hannunka amma ba ka aiki da ita. Saura wuri kaɗan a kan ƙashin, bai fi tafin hannu ba. Ka ce, "Sajo, in ban kai shi jami'ar ba, kai za ka kai shi. Amana ce." Rabon da ka kira ni da sunana har na manta. Na ce ka daina wannan magana, bawa ba ya mutuwa sai ubangidansa ya ba shi izini. Ka yi murmushi ba ka rama ba, abin da ya bi ni har gida ke nan.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka ragu, na leƙa zauren don in ga yadda za a yi a ɗauke shi. Tabarmarka na nan, gilashin da basillar suna cikin gwangwaninsu, ƙashi babu. Na tambayi Alhaji Dogo. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Mun yi masa sutura."

Na ce wa aka yi wa sutura?

Ya ce bawan Allahn da ke zaure. Ashe washegarin rasuwarka ya sayo farin yadi, ya kira maƙwabta, suka naɗe ƙashin kamar yadda ake yi. Suka je wa liman. Ya ce ba zai yi masa salla ba tunda ba a san addininsa ba, ba a ma san ko mutum ba ne, amma binnewa ba ta cutar da kowa. Aka yi gardama a kan makara, wasu suka ce ta Musulmi ce, aka ƙare a kan amalanke. Suka haƙa rami a gefen maƙabarta, can wajen shinge, suka sa shi suka rufe. Har da wanda ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ya rasa me zai roƙa, ya sauke.

Habibu, na rasa dariya zan yi ko kuka. Abin da ka ƙarar da idonka kana fitarwa daga ƙasa ƙwaya ƙwaya, an mayar da shi cikinta a safiya ɗaya. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi faɗa, sai Alhaji ya riga ni. Ya ce, "Sajo, ƙanena ne. Yana can shi kaɗai ana tambayarsa. In aka ce masa don me ka ajiye ɗan Adam a zaure ba ka binne ba, me zai ce? Na sauke masa ne." Faɗan ya mutu a bakina, domin ban taɓa ganin ɓarnar da aka yi da ƙauna irin wannan ba.

Na kira Dakta Rahamatu. Ta yi salati, sannan ta tambaye ni ko an yi ruwa tun ranar. Na ce ba a yi ba, amma ga hadari kullum yana haɗuwa ta gabas. Ta ce in ruwa ya ratsa ramin, laima za ta shiga duk tsagar da ka liƙe, ƙashin zai iya rugurgujewa a hannunmu. Washegari da sassafe ta iso.

Muka zauna a zaurenka, ni da ita da Alhaji da liman. Liman ya ce shi hukuncin a wurinsa a fili yake. In dabba ce, ba ta da wuri kusa da kaburburan Musulmi, a cire ta. In mutum ne, ba mai taɓa shi. Abin da bai sani ba shi ne wanne ne daga ciki. Dakta ta durƙusa ta ce, "Baba Alhaji, wallahi ba mutum ba ne," ta nuna masa hotuna a waya. Ya ce, "'Yata, ban ƙaryata ki ba, amma hoto yanzu wane iri ne ba a yi?" Sai ya juyo gare ni, ya ce ni da na ƙare rayuwata a cikin dabbobi in faɗa tsakanina da Allah. Na ce ba na saniya ba ne, ba na raƙumi ba ne, ba na doki ba ne, kuma bai yi mini kama da na mutum ba. Ya ce to na mene ne? Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ka ji." Na ji kamar na kayar da kai, Habibu, da bakina, amma ba zan rantse a kan abin da ban gani da rai ba.

Muna nan zaune kowa ya rasa mafita, sai muka ji sallama daga bayan ƙyauren cikin gida. Hajiya Ummulkhair ce, matarka, tana cikin takaba, ba ta fito ba. Ta ce, "Yaya, a gafarce ni, tambaya ɗaya zan yi. Wa yake wanke mamatan unguwar nan?"

Alhaji ya ce Habibu.

Ta ce, "Ranar da Inna ta rasu, kai da kanka ka ce a jira ka kana hanya daga Ɗanzomo. Ya jira ka?"

Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce bai jira ba.

Ta ce, "To mutumin da bai bar mahaifiyarsa ta kai azahar ba, shi ne zai ajiye ɗan wani a zaure damina da rani yana hura masa ƙura? Ni ban san dabbar ba, Yaya. Mijina na sani."

Can Alhaji ya miƙe, ya shiga cikin gida, ya fito da shebur. Ya ce shi ya binne, shi ya san wurin, kuma ba wanda zai sa ƙarfe a ramin nan sai shi.

Muka tafi da liman a gaba, don kada wanda ya gan mu da shebur a maƙabarta ya ɗauka wani abu ne. Alhaji ya yi ta haƙa, tsoho da shi, in an miƙa hannu a karɓa sai ya ƙi. Da farin yadin ya bayyana ya ajiye shebur ya koma yi da hannu. Aka taru aka ɗago shi. Dakta ta warware likkafanin a hankali, tana bin ƙashin da yatsa daga sama har ƙasa. Bai karye ba, gam ɗinka ya riƙe. Da ta zo kan ɗan wurin da ba ka gama ba, inda sawun basillarka ya tsaya, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Daga baya ta ce mini ba za a ƙarasa wurin ba, haka za a tsayar da shi. Ban sani ba ko za ka yarda da wannan, kai da ba ka mayar wa mutum agogo da saura ƙusa ɗaya.

Muna ɗora shi a mota na waiwaya ban ga Alhaji ba. Na hango shi can cikin maƙabarta, tsaye a kan kabarinka, ƙasar ko bushewa ba ta gama yi ba, ƙayar da aka ɗora tana nan ɗanya. Shebur ɗin na hannunsa. Na je na tsaya kusa da shi. Bai dube ni ba ya ce, "Sajo, wancan an ce ya daɗe a ƙasa fiye da lissafi, ga shi mun fito da shi lafiya. Nawa ko mako bai yi ba."

Na sa hannu na karɓi shebur ɗin. Bai sake shi da wuri ba.

Na raka ƙashin har inda ka ce in kai shi, bawana. Na sauke amanarka. Dakta da abokan aikinta sun nuna mini sauran dabbar a kwance a kan tebura tana jiran cinyarta, na tsaya na kalla, har yau ban san me na gani ba. In an tsayar da ita zan nemi mota in cika ta da 'yan makaranta, kuma Alhaji ya ce a ajiye masa kujerar gaba, yana so ya ga abin da ya yi wa likkafani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Ummulkhair da 'ya'ya da jikoki, da Alhaji Dogo, da Dakta Rahamatu da abokan aikinta, da masallatan da agogonsu zai tsaya su rasa wanda za su aika wa, da Mangawan Gumel baki ɗaya, waɗanda yau kaɗai na ɗaga musu ƙafa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ya Allah, ga Habibu nan ya zo maKa. Ya wanke bayinKa da yawa ya suturta su, Ka wanke shi daga kurakuransa, Ka suturta shi da rahamarKa. Ka yalwata masa makwanci, Ka sauƙaƙa masa tambayar da yayansa yake jin tsoro, Ka sanyaya zuciyar yayan. Ya tafi yana da yaƙinin cewa ƙashi ba ya ɓace maKa. Ranar da za Ka tara su Ka tayar, Ka tashe shi cikin salihai, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen, Ka haɗa mu da shi a Aljanna Firdausi. Amin.

Sajo, Sule Tankarkar